Teku Mai Tsarki Ne, To Ina Za a Zuba Lakar?

A shekarar 1982, masu auna zurfin ruwa a mashigin San Francisco da ke yammacin Amurka suka ci karo da abin da ba su zata ba. Kusa da tsibirin Alcatraz, wanda ya yi suna saboda tsohon kurkukunsa, akwai wurin da aka daɗe ana juye lakar da ake kwasowa daga hanyoyin jiragen ruwa. An zaɓi wurin ne don ruwansa na gudu da ƙarfi, ana ganin duk abin da aka zuba, ruwa zai yi awon gaba da shi zuwa tekun Fasifik. Ashe lakar ba ta tafi duka ba. Ta yi ta taruwa a ƙasa shiru har ta zama tudu, tudun ya taso yana neman tokare cikin jiragen da aka yi yasar dominsu. A 1989 masunta suka jero jiragensu suka tare wurin, suna kukan ruwa ya dame, kifi ya yi ƙaura.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ranar da ake yasarta ya san wannan matsala tun daga tushe. Mai yasa yana ƙasa yana cika guga, na sama suna ja, baƙar laka mai wari tana fitowa haɗe da tsofaffin gugaye da tsummokara. Kowa na murna ruwa zai dawo garau. Sai dai kafin la'asar an tara tsibi a bakin rijiya, kuma dole a san inda za a kai shi. In an bar shi nan, ruwan sama na farko zai mayar da shi inda ya fito. In an kai shi ƙofar gidan maƙwabci, magana ta je gaban mai unguwa.

Tashoshin jiragen ruwa na duniya suna cikin wannan hali kowace shekara. Kogi ba ya zuwa teku hannu rabbana, yana ɗauke da yashi da laka daga duk ƙasar da ya ratso, kuma inda gudunsa ya yi sanyi, nan yake sauke kayansa. Wurin kuwa sau da yawa shi ne daidai inda mutane suka gina tasha. Jiragen dakon kaya kuma kullum ƙara girma suke yi: sabuwar tashar Lekki a Legas, wadda aka buɗe a Janairun 2023, an haƙa ta zurfin mita 16 da rabi. A cikin ƙasa ma, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar kogin Neja a Lokoja cikin Satumban 2009, tsawon kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. Yasa ba ta da makawa matuƙar ana son shinkafa da magani da taki su iso. Abin da ake kwasowa ne ke neman masauki, kuma a yau lakar yasa ita ce mafi yawan abin da hukumomi ke ba da izinin zubawa a teku a faɗin duniya.

Shekaru aru-aru amsar ɗan Adam guda ce: a kai teku. Yana da faɗi, yana da zurfi, ba na kowa ba ne, kuma abin da ya haɗiye ba ya dawowa. Injiniyoyin Turai na ƙarnin da ya wuce sun yi imani cewa duk ƙazantar da aka tsarma da ruwa mai yawa ta daina zama ƙazanta. Almajirin da ya karanta Ishmawi da Risala ma zai iya jin kamar ya san wannan magana. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira game da wani mutum da ya zo yana tambaya: suna shiga teku da ɗan guzurin ruwa, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko ya halatta su yi da ruwan teku? Aka ba shi amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, aka kuma ƙara masa da halaccin mushensa. Malikawa sun tafi a kan cewa ruwa ba ya zama najasa sai najasar da ta faɗa masa ta sauya launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙamshinsa. Shafi'awa kuma suka sa iyaka da tulu biyu manya, abin da ya kai haka ba ya lalacewa sai ya sauya. To ina tulu biyu, ina tekun Atlantika?

Daga nan zuwa cewa teku juji ne da Allah ya tanada, taki ɗaya ne, kuma takin kuskure ne. Mai tambayar nan alwala ta dame shi. Hukuncin da aka ba shi na ibada ne, yana gaya wa matafiyi ko sallarsa ta inganta. Bai taɓo maganar abin da ya halatta mutum ya zuba a cikin ruwan ba. Wannan kuwa yana wani babi daban, babin cuta, kuma a can ma'aunin launi da ɗanɗano da ƙamshi ba ya isa.

Mutanen Minamata a kudancin Japan sun koyi haka da jikinsu. Masana'antar sinadarai ta kamfanin Chisso ta yi shekaru tana sakin ruwa mai ɗauke da zaiba a cikin mashigin garin, har zuwa 1968. Zaibar ta kwanta a laka. Ƙananan halittu suka sha, ƙananan kifaye suka ci su, manyan kifaye suka ci ƙanana, masunta suka kai gida. Kafin a gane cutar a hukumance a 1956, kyanwoyin garin ne suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, daga baya mutane suka soma rasa gani da ji da iya tafiya, aka haifi jarirai da naƙasa. Kifin da ya yi wannan ɓarna, da za a ajiye shi gaban mai saye, ba abin da zai gani na aibu a jikinsa.

A nan ne tunanin tsarmawa ya karye. Ruwa yana warwatsa guba, amma abu mai rai yana sake tattara ta, kowane mataki na ci da ciyarwa yana ƙara mata ƙarfi, har ta iso akushin wanda ke can ƙarshe. Malaman fiƙihu sun hango wani ɓangare na wannan tun da daɗewa a mas'alar dabbar da ta saba kiwo a kan ƙazanta, inda suka yi saɓani a kan namanta da nononta, wasu suka ce a tsare ta a ciyar da ita abinci mai tsabta na wasu kwanaki kafin a yanka. Ko da wane ra'ayi mutum ya bi, mas'alar ta nuna sun san abin da dabba ta ci yana iya bin ta har tukunya.

Da Japan ta tashi gyara Minamata, ba ta kai lakar tsakiyar teku ba. Daga 1977 zuwa 1990 an kwashe duk lakar da zaibarta ta haura miligiram 25 a kowane kilo, kimanin kubik mita miliyan ɗaya da rabi, aka killace ta a wani lungu na mashigin bayan katangar ƙarfe, aka rufe da ƙasa. Filin hekta 58 da ya fito daga wannan aiki yanzu wurin shaƙatawa ne da tunawa da waɗanda suka rasu. Sai a 1997 aka cire ragar da ta hana kifin mashigin fita.

Babin cuta a shari'a yana da ƙa'ida da kowane alƙali ya sani, wadda ita ma asalinta na cikin Muwaɗɗa: ba a yarda mutum ya cutar da wani ba, ba a kuma rama cuta da cuta. Akwai kuma hadisai da suka fi kusa da aikin masu zaɓen wurin zuba laka fiye da yadda ake zato. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal gargaɗi a kan biyan buƙata a wurare uku da ke jawo tsinuwa, wato mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke zama. Ba a hana ɗan Adam buƙatarsa ba, tunda ba shi da yadda zai yi. Wuri aka zaɓar masa, kuma ma'aunin zaɓen shi ne su wa ke amfani da wurin.

Dokokin zamani sun zo kan wannan turba ta tasu hanyar. A 1972 ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Landan a kan zubar da shara a teku, a shekarar ne kuma Amurka ta yi tata dokar. Yarjejeniyar farko ta lissafa abubuwan da aka haramta, sauran duka halal ne in an samu izini. A 1996 aka juya lissafin, sabon tsarin ya fara aiki a 2006: komai haramun ne sai 'yan abubuwan da aka ambata, lakar yasa na cikinsu, ita ma da sharuɗɗa. Mai neman izini sai ya nuna abin da ke cikin lakar, ya nuna ya nemi wata hanyar bai samu ba, ya faɗi ɓarnar da yake tsammani, sannan a riƙa komawa ana dubawa ko abin da ya faɗa shi ne ya faru. Wurin da za a zaɓa kuma sai an san zurfinsa, da inda ruwansa ke dosa, da irin ƙasar da ke shimfiɗe a gindinsa, tunda zuba laka a kan laka ya fi sauƙin ɓarna a kan zuba ta a kan tsakuwa ko murjani. Sai an nisanci inda kifi ke ƙwai, da inda masunta ke jefa koma, da bakin gaɓar da jama'a ke wanka, da hanyar jirage. Mashaya, hanya, inuwa.

Duk da haka doka ba ta raba gardamar da ta fi wuya ba. Wuraren zuba laka iri biyu ne. Akwai mai watsawa, inda ruwa ke kwashe abin da aka zuba ya baza shi ko'ina, akwai kuma mai riƙewa, inda lakar ke zama daram. Wanda ya zaɓi na farko ya raba cutar ƙanana-ƙanana ga kowa, har ba wanda zai iya nuna rabonsa. Wanda ya zaɓi na biyu ya sadaukar da wuri guda da duk abin da ke rayuwa a cikinsa don sauran su tsira.

Kowanne yana da labarinsa na nadama. Hamburg tana kan kogin Elbe, kimanin kilomita 100 daga teku, kuma ta daɗe tana juye wani kaso na lakarta a cikin kogin, ƙasa da tasha kaɗan, wajen tsibirin Nesssand. Amma cikowar teku a Elbe ta fi janyewarsa ƙarfi wajen ɗaukar laka, sai ta riƙa turo ta tana mayarwa tasha, jiragen yasa suna kwasar abin da suka kwasa a baya. Jamusawa har suna da sunan da suke kiran wannan aikin baban giwa da shi, wato yasar zagaye. Tun 2005 birnin ya koma kai wani kaso can Tekun Arewa kusa da tsibirin Helgoland, da amincewar jihar Schleswig-Holstein. A New York kuwa wurin riƙewa ne ya zama abin kuka. An yi shekaru da dama ana tara laka a wani wuri gaban gaɓar New Jersey, cikinta har da gubar dayoksin da ta gangaro daga masana'antar maganin ciyawa a bakin kogin Passaic. Da aka ga gubar ta shiga jikin tsutsotsin da kifi ke ci, aka rufe wurin a Satumban 1997, aka koma lulluɓe shi da laka mai tsabta, kaurin aƙalla mita ɗaya.

Masana usulu suna da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan ba makawa sai ɗaya ta auku. Ƙa'idar tana da amfani a nan, tana kuma da haɗari. Amfaninta shi ne tana raba laka gida biyu. Mai tsabta, wadda ita ce mafi yawa, watsuwarta ba ta da nisa da abin da kogi ke yi da kansa kowace damina. Mai guba kuwa watsa ta ɓoye laifi ne kawai, domin abin da aka baza ba ya kwasuwa, abin da aka tara kuwa ana iya sa masa ido, a rufe shi, wata rana ma a gyara. Haɗarin ƙa'idar shi ne mai aiki ya yi saurin cewa ba makawa. Wanda ya ce zaɓi biyu kaɗai gare shi alhali akwai na uku mai tsada da ya ƙi dubawa, wannan bai shiga lalura ba, rowa ce ta kama shi.

Akwai kuma jarabar nisa. San Francisco ta warware wani ɓangare na rikicinta a 1994 da aka ware sabon wuri kimanin kilomita 80 daga gaɓa, inda zurfin ruwa ya haura mita 2,500. Masunta sun huta, birni ya huta. Sai dai a wannan duhun ma akwai mazauna, tsutsotsi da taurarin teku da kifayen da ba su taɓa ganin rana ba. Aya ta 38 a suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irin na mutane, aya ta 41 a suratur Rum kuma ta danganta ɓarnar tudu da teku da aikin hannun mutane. Wanda ya ɗauki waɗannan ayoyi da gaske ba zai ce wurin da babu mai kai ƙara fanko ne ba. Yana iya yanke cewa ɓarnar can ta fi sauƙi, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne, amma ya san ɓarna ya zaɓa, kuma komawa da na'ura a duba abin da ya faru ya zama wajibi a kansa.

A Ostireliya abin ya fito fili. A Janairun 2014 hukumar da ke kula da babban shingen murjani na gabashin ƙasar ta amince a zuba kubik mita miliyan 3 na lakar faɗaɗa tashar kwal ta Abbot Point a cikin yankin da take karewa. Hujjarta ita ce daidai wurin da aka zaɓa yashi ne da laka, babu murjani. Masana da masu jigilar 'yan yawon buɗe ido suka ce laka mai laushi ba ta san iyakar da aka zana a taswira ba, tana tashi ta rufe hasken da murjani ke rayuwa da shi. Aka janye shirin, a 2015 kuma aka haramta zuba lakar sababbin haƙe-haƙe a yankin. Lakar yasar yau da kullum dai ba ta shiga haramcin ba, gardama a kanta ba ta mutu ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka tudu ne kullum mafita. A yankin Neja Delta, inda aka haƙa hanyoyin ruwa zuwa rijiyoyin mai, an saba jibge lakar a gefen hanyar. Lakar dazukan bakin teku tana ɗauke da wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta wanda ba ya cutarwa muddin yana nutse. Da zarar ya sha iska sai ya koma ruwa mai tsami kamar na batir, ya ƙone itatuwa, ya gangara rafi ya kashe kifi. Ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan laka, barinta a ƙarƙashin ruwa ya fi fito da ita alheri. Raba gaɓa da yashinta ma cuta ce: katangun duwatsun da Turawa suka gina a bakin tashar Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru.

Wannan ya buɗe wata ƙofa. Mai yasar rijiya da ya san aikinsa ba ya kallon duk abin da ya fito a matsayin shara, akwai wanda gona ke so, akwai wanda magini zai kwaɓa. Tsibirin Poplar a mashigin Chesapeake ya haura eka 1,100 a 1847, amma zaizaya ta cinye shi har ya rage 'yan ekoki a farkon shekarun 1990. Daga 1998 aka fara sake gina shi da lakar da ake kwasowa daga hanyoyin jiragen Baltimore, yau tsuntsaye da kunkuru sun koma suna hayayyafa a kansa. Nutsar da irin wannan dukiya a zurfin teku don kawai ya fi arha yana kusa da abin da malamai ke kira almubazzaranci.

Saura tambayar wanda ya kamata ya ɗauki nauyi. Mai yasa ba shi ya jefa tsumma a rijiya ba. Rotterdam, babbar tashar Turai, tana bakin kogin Rhine, wanda ke ratso Siwizalan da Faransa da Jamus kafin ya iso Holan, kuma duk abin da masana'antun waɗannan ƙasashe suka saki, a tasharta yake kwanciya. Da ya zama ba za a ƙara kai gurɓatacciyar lakar Tekun Arewa ba, birnin ya haƙa wani ƙaton rami a bakin gaɓa mai suna Slufter, faɗin hekta 260, zurfin mita 28, kewaye da ganuwa, aka buɗe shi a 1987. Amma hukumomin birnin ba su tsaya nan ba. Sun sa an bi kogin sama ana auna bakin bututu ɗaya bayan ɗaya don a san wa ke zuba me, suka tunkari kamfanonin da maganar diyya, har a 1991 suka ƙulla yarjejeniyar rage guba da ƙungiyar masana'antun sinadarai ta Jamus. Gobarar da ta tashi a ɗakin ajiyar kamfanin Sandoz kusa da Basel a Nuwamban 1986, wadda ta kashe kifi ɗaruruwan kilomita, ta riga ta tayar da gwamnatocin bakin kogin daga barci.

An tsara ramin Slufter ne ya cika cikin shekara 15. Da kogin ya yi ta washewa, lakar da ke cin jarrabawar tsabta ta ƙaru, wadda ake kaiwa ramin ta ragu. Shekara 15 ɗin ta wuce tun 2002, ramin bai cika ba har yau, kuma a kan ruwan da ya kwanta a samansa tsuntsayen teku ne ke sauka suna gina sheƙa.